Wandon Mai Gidan Wanka

Abu biyu mahaifina ya bar mini wasiyya a kansu, yana kwance yana tari, hannunsa mai kaushi a kan nawa. Ya ce, "Opiliyo, wutar da ke ƙarƙashin daɓen gidan wankan nan kakanka ne ya hura ta, kada ta mutu a hannunka. Na biyu kuma, Barume, ɗan asalin Rum, ba ya zura ƙafarsa a wando." Na ce na ji. A lokacin ban ga abin wahala a ciki ba, don ban taɓa zaton akwai ranar da maganganun nan biyu za su yi karo da juna ba.

Wando dai kayan Gotawa ne, kowa ya sani. Sun gangaro mana daga bayan duwatsu da kekunan shanu, da gashin baki har ƙasan haɓa, da man shanu a ka wanda za ka ji warinsa kafin ka ga mai shi. Suka karɓi kasonsu na gonaki suka zauna, sarkinsu Ansila ya zama shi ne mai gari. Ba zan yi wa mamaci ƙarya ba, mutumin kirki ne. Bai taɓa bari ruwan zafi ya taɓa jikinsa ba, amma bai hana kowa ba. Sannu a hankali samarinmu suka fara sa wando, wai sanyi. Har dattawan majalisar gari, masu cika baki da sunan Rum, suna sa shi a ɓoye a ƙarƙashin doguwar riga. Ni nake ganinsu, tunda a gidana kowa ke tuɓewa. Ni kaɗai na rage da ƙwauri a waje, ko ƙanƙara ake zubawa.

Ɗan sarki, Gudila, a gidan wankana ya girma. Tun yana ƙarami yake sulalowa ya zauna a ɗakin zafi yana sauraron dattawa suna musu da Latinanci, har ya fi su iyawa. Ya koyi waƙoƙinmu, ya koyi dokokinmu, ya kuma koyi wainar zuma da matata Firmina ke sayarwa a bakin ƙofa. Wannan na ƙarshen shi ya fi ƙwarewa a kai. Kafin ya yi gemu, in ya shiga kwamin ruwa sai rabin ruwan ya fito ya ba shi wuri. Ina son yaron nan har raina, ko da yake shi ya karya mini benci biyu.

Da sarki ya mutu sai ƙanensa Brandila ya ce shi ma yana son sarautar. Wani dogo ne busasshe, wanda ban taɓa ganin haƙorinsa ba. Ana cikin makoki ya shigo mini da takalmansa har ɗakin zafi, ya tsaya yana kallon mutane tsirara kamar ya kama ɓarayi.

Ya ce, "Kai Barume, me ke sa ƙasan nan ɗumi?"

Na ce, "Wuta ce a ƙarƙashi, ranka ya daɗe."

"Ita ce ke narkar mana da maza. Dubi ɗan wana, an dafa shi har ya kumbura." Ya ƙwanƙwasa bango, ya leƙa kwamin ruwan sanyi, ya gyaɗa kai. "Gini mai kauri. Ga wurin shan ruwa ma an gina. Ranar da na hau garkuwa, da hannuna zan kashe wutar nan, dawakina su shigo."

Ya fita ya bar mini sawun taɓo a kan marmara. Ni kuwa na san Brandila ba ya faɗin abin da ba zai yi ba.

Su Gotawa ba a naɗa musu sarki da takarda ko da hula. Garkuwar marigayi ake ɗaukowa, mai nema ya tsaya a kanta ƙafa ba takalmi, maza huɗu su ɗaga shi a kafaɗa su zagaya kasuwa da shi. In suka dawo yana tsaye, mayaƙa su buga masu a garkuwoyinsu, shi ke nan ya zama sarki. In ya faɗi, ko 'ya'yansa ba za su sake ba shi girma ba. Brandila yana da masu ɗauka har suna faɗa a kan wa zai samu. Gudila kuwa uku ya samu da ƙyar, su ma 'yan'uwan uwarsa ne da ba su da yadda za su yi. Sauran duk suna son sa, amma kowa ya dubi girmansa sai ya tuna yana da ciwon baya.

Ran nan ina saran itace a bayan gida sai ga Ranilda, uwar Gudila, wata ƙatuwar Bagotiya mai murya kamar ana kiran shanu. Ba ta ko gaishe ni ba, ta kama kafaɗata ta matsa kamar mai taya sa.

Ta ce, "Wannan ta yi. Kai ne na huɗu."

Na ce, "Ranki ya daɗe, ni fa Barume ne. Kakan kakana a cikin birnin Rum aka haife shi."

"To, ka kira shi ya zo ya hana dawaki shiga." Ta jefo mini wani abu a ƙirji. Na buɗe, na sake shi ya faɗi ƙasa. Wando ne na ulu mai kauri, na marigayi mijinta. "Mai ɗaukar garkuwa da wando yake ɗauka, haka muka gada. Ka bar gashin baki ya tsiro, man shanu kuma ni zan kawo."

Ta tafi. Na shiga gida na tarar Firmina ta ji komai, don kunnenta ya fi na ɓera.

Na ce, "Ba zan sa ba. Me zan ce wa Baba in mun haɗu?"

Ta ce, "Maigida, ka ce masa ka riƙe ƙwaurinka da kyau, doki kuma yana kashi a inda aka yi maka wankan suna. Zai yi murna ƙwarai."

"Mace ba ta san darajar Rum ba."

"Na san darajarta mana. Ita nake shafa wa mai a ƙwaurinka kowane dare in sanyi ya farfasa ta." Ta ɗaga wandon tana jujjuya shi. "Wai ma mene ne a ciki? Buhu biyu ne aka haɗa musu baki ɗaya."

Na juya mata baya na kwanta. Da safe na sauka wurin murhu na zuba itace, na zauna ina kallon wutar nan tana lasar ƙasan daɓe. Gaba kura, baya siyaki. Na ji tausayin kaina sosai, har na ɗan yi hawaye, na ce hayaƙi ne. Daga ranar na daina aske leɓena na sama.

Abin da ya tsiro bai kai a kira shi gashin baki ba. Firmina ta ce in na tsaya a rana ana ɗan ganinsa.

Ranar ɗagawa na makara, saboda wandon. Da farko na zura ƙafafu biyu a rami ɗaya na kife a kan tukunyar zuma. Da na samu kowace ƙafa ta shiga gidanta, sai ga wata igiya tana lilo a ƙugu, wai zariya. Ansila ya fi ni ƙugu nesa ba kusa ba. Firmina ta ce in kawo ta ɗaure mini, na ce namiji bai kai ga haka ba, na yi mata irin ƙullin da nake yi wa jakar sabulu, mai saurin kwancewa. Ranilda ta aiko da man shanu, aka lafta mini a ka. Ƙudajen garin nan kaf suka rako ni kasuwa.

To, ashe ina can ina kokawa da wando, dattawan majalisa sun kama Gudila a gidan wanka. Shugabansu ya ce tunda sarki zai mulki Rumawa ma, dole ya fito da kamar mutum. Suka naɗa masa toga, ƙaton mayafin ulun nan na manya da ba a fito da shi sai ranar biki, wanda in ka sa shi hannunka na hagu ya zama na riƙe shi kawai. Kafin nan kuma suka shafe shi da man zaitun mai ƙamshi tun daga wuya har tafin ƙafa, don wai ba a taɓa jin babban mutum ya tsaya a gaban jama'a da faso ba. Ita kuma Ranilda tun asuba take zaune da garkuwar mijinta tana goga mata man shanu, yadda Gotawa ke yi wa fata don girmamawa, har tana ganin fuskarta a ciki. Kowane ɓangare ya yi iyakar ƙoƙarinsa, kuma ba wanda ya tambayi ɗan'uwansa.

Kasuwa ta cika, Gotawa da masu a gefe guda, Rumawa da 'ya'yan ɓaure a ƙunshin ganye a ɗaya gefen. Ina isowa aka fashe da dariya daga ɓangarorin biyu. Wani maƙwabcina ya ɗaga murya, "Opiliyo, ina ka kai ƙafafunka?" Brandila bai yi dariya ba. Ya nuna ni da mashi.

"Wannan ba Bagote ba ne. Mai wanke wa mutane baya ne."

Aka juya ga Tsoho Duda, mai ido ɗaya, wanda shi ke riƙe da al'adunsu a ka tun zamanin kekunan shanu. Ya tako da sandarsa ya zagaya ni, ya shinshina kaina, ya ja wandon, ya matso da idonsa kusa da leɓena ya daɗe yana nema.

Ya ce, "Akwai. Ba yawa, amma akwai." Sannan ya juya ga Brandila. "Yaro, wancan mai riƙe maka doki, ubansa daga ramin haƙar ƙarfe na Rumawa ya gudo ya bi mu. Wancan na bayanka, uwarsa ko Gotanci ba ta ji. Ni kaina ban san inda aka tsince ni ba. A hanya ba mu tambayi kowa kakansa ba. Wanda ya sa kafaɗa ya tura keke, namu ne. Wannan ya kawo kafaɗa."

Brandila ya tofar da yawu. Ya ce, "To, a fara da buhun nan, ɗan wana. Ya faɗi mu huta, sannan a ɗaga sarki."

Aka ajiye garkuwa a ƙasa. Gudila ya matso yana haki a cikin togarsa, ya dube ni ya ce a hankali, "Baba Opiliyo, ka sa wando saboda ni?"

Na ce, "Saboda wuta. Hau, kada ka sa ni kuka a gaban mutane."

Ya ɗora ƙafa ɗaya, na ga ta tafi ita kaɗai. Ƙamshin zaitun ya bugi hancina ta sama, warin man shanu ta ƙasa, nan take na gane mun shiga uku. Amma an riga an busa ƙaho. Muka durƙusa, muka ce "hai", muka ɗaga. Na ji wani abu ya yi ƙara a bayana wanda har yau bai koma daidai ba.

Taku ɗaya muka yi ya fara sulɓewa gaba. In muka tsaya zai wuce ta kanmu, don haka muka bi shi da gudu don garkuwa ta tsaya a ƙarƙashinsa. Ya sulɓe hagu, muka kwasa hagu, ta cikin rumfar mai albasa. Ya dawo dama, muka yi dama, kaji suka watse. Shi kuwa yana sama yana wulwula hannunsa ɗaya yana kiran sunayen tsarkaka da Latinanci, yana zagin kawunnansa da Gotanci. Gotawa suka ɗauka kirarin yaƙi yake yi. Tunda suke ba su taɓa ganin sarki ya zagaya kasuwa a guje ba, sai suka kaure da ihu.

A kwanar mahauta togar ta warware. Gefe ɗaya ya faɗo mini a fuska, ɗayan ya faɗa wa wanda ke ɗaya gefen, tsakiyarta kuma tana naɗe a ƙugun Gudila. Na cafke nawa na naɗe a hannu, na yi wa abokin ɗaukana ihu ya riƙe nasa. Sai ga shi mun samu linzami: in ya tafi can in ja, in ya taho nan wancan ya ja. Na ce a raina, yau dai toga ta yi amfaninta na farko tunda aka ƙirƙire ta.

A daidai nan na ji ƙullin zariya ya saki.

Hannuna ɗaya yana ƙarƙashin garkuwa, ɗaya yana riƙe da sarki. Wandon ya fara sauka a hankali, yana sallama da ƙuguna. In ya kai gwiwa zai harɗe ni mu zube gaba ɗaya. In ya fita kuma, Brandila zai ce ba wando ba Bagote, mutum uku ne suka ɗauka. Ni da na yi shekaru ina gudun wando, sai ga ni ina roƙon Allah da zuciya ɗaya ya tsayar mini da shi. Na buɗe ƙafafu ina gudu kamar agwagwa, amma yana ta tafiya. Na riga na ji iska a inda ba ta saba zuwa ba.

Sai na ji an damƙi wandon ta baya an finciko shi sama da ƙarfin da ya kusa ɗaga ni daga ƙasa.

"Gudu, tsohon banza!" Muryar Firmina ce a bayan kunnena. "Na ce ka kawo in ɗaure maka, ka ce kai namiji ne. Gudu!"

Haka muka ƙarasa rabin kasuwar nan. Gudila a sama, mu huɗu a ƙasa, Firmina a baya da wandon marigayi sarki a hannu biyu, tana gudu tana faɗa mini duk laifin da na yi mata tun daga ranar aurenmu. Ban taɓa son matar nan kamar ranar ba. Muka iso gaban Tsoho Duda muka tsaya, Gudila ya yi tangaɗi gaba, ya yi baya, muka ja linzami, ya tsaya cak a kan ƙafafunsa.

Brandila ya yi tsalle ya shigo fili. "Ba a yi ba! Mutum biyar ne, kuma ɗaya mace!"

Duda ya dubi Firmina da ke haki, har yanzu ba ta saki ba. Ya ce, "'Yata, kin taɓa garkuwa?"

Ta ce, "Baba, me zan yi da ita? Wannan kayan ma ya ishe ni."

Ya ce, "Huɗu sun ɗauki sarki, ɗaya ta ɗauki wando. Ban san al'adar da ta hana ɗaukar wando ba. Brandila, garkuwa tana jiranka."

Shugaban majalisa ya buɗe baki zai yi magana a kan man zaitun, Ranilda ta taka masa ƙafa. Brandila ya cire takalma ya hau, ya harɗe hannu a ƙirji, ya miƙe kamar mashi. Masu ɗaukarsa mayaƙa ne na gaske, waɗanda aka hora su kada su karya sahu ko sama za ta faɗo. Suka ɗaga shi sumul, suka yi taku ɗaya tare. Ya fara sulɓewa baya. Da irinmu ne, da sun bi shi. Su kuwa suka ci gaba da tafiya gaba da garkuwa cikin natsuwa, shi kuma ya ci gaba da tafiya baya, hannunsa a harɗe, bai ko tanƙwara ba, har ya ƙare a cikin randar mai sayar da romon ruɓaɓɓen kifi da muke zubawa a miya. Ƙafafunsa kawai ake gani. Sai da mutanensa suka kai rumfar albasa suka ji kayan ya yi sauƙi.

Ƙarar masu a kan garkuwoyi ranar har a ƙauyuka an ji ta. Rumawa suna kiran Gudila da sarautun Latinanci, Gotawa suna kiransa da nasu, shi kuma yana neman wanda zai ba shi wainar zuma don jiri yake ji.

Romon kifin nan, duk wanda ya sani ya san ruwan sanyi ba ya fitar da shi. Brandila ya yi wanka a kogi har fatarsa ta yi shuɗi. Matarsa ta fitar masa da shimfiɗa waje, dokinsa ma ya ƙi yarda ya hau shi, kulaye kaɗai ke bin sa. Bayan 'yan kwanaki, da rana tsaka lokacin da ba kowa, na ji ana ƙwanƙwasa ƙofar baya. Na buɗe, sai ga Brandila, muka dubi juna. Na nuna masa inda ake cire takalma. Na kwantar da shi a ɗakin zafi na shafe shi da mai, na kankare shi tas. Can na ji yana wani gurnani, na ɗauka zagina yake, ashe minshari ne. Yanzu duk mako yana zuwa, ta ƙofar baya, kuma har yau yana cewa ruwan zafi na lalata maza.

Dattawan majalisa kuwa sun daina kirana Barume. In na wuce sai su ce ga Bagoten sarki nan, alhali na san abin da ke ƙarƙashin rigar kowannensu. Abin yana yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Na so in mayar wa Ranilda wandonta, ta ce wanda ya ɗauki sarki ba ya mayar da kaya. Firmina ta rage masa ƙugu. Da ƙanƙara ta sauko, na fita ɗebo itace da sassafe sanye da shi, na ji gwiwoyina ba sa karo da juna, karo na farko a rayuwata. Ban gaya wa kowa ba.

Ranar tunawa da matattu na je kabarin Baba da ruwan inabi da gurasa kamar kullum. Na daɗe a tsaye daga nesa, kunya ta hana ni matsawa. Daga baya na zagaya ta bayan dutsen, inda na san ko yana kallo ba zai ga ƙafafuna ba, na durƙusa na zuba masa inabinsa.

Na ce, "Baba, wuta tana ci."

Sauran maganar na bar ta sai mun haɗu.